Yaya Noti da Akwatin da Ya Ƙi Hutawa

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ce babba a gidanmu, ni ne auta, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta kai har ta goye ni. Tun tana ƙarama ake kiranta Noti, domin duk abin da ya shiga hannunta sai ta kwance shi ta ga cikinsa: rediyon Baba, agogon bango, keken ɗinkin Umma. In ta mayar ta ɗaure, abin zai yi aiki lafiya lau, sai dai kullum a ga noti ɗaya ya rage a ƙasa. Baba yakan ɗauka ya jujjuya shi ya ce, "To, wannan fa?" Ita kuwa ko a jikinta, sai ta ce, "Dama zaman banza yake yi a ciki." Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, har 'ya'yanta in suna son tsokana Mama Noti suke cewa.

Ba ta karanci kwamfuta da wuri ba. Sai da ta haifi biyu sannan ta koma aji, tana zama cikin waɗanda ta girma nesa ba kusa ba. Da ta gama, ta samu aiki a wani ɗan kamfani da ke saman shagon masu sayar da taya. Su huɗu ne kacal, a ɗaki ɗaya mai warin roba da ƙaurin dalma. Aikinsu haɗa ƙananan akwatuna da ke sarrafa injuna: ma'aunin manyan motoci, injin cika ruwa a kwalba, ɗakin sanyi. Akwatin bai fi littafi girma ba. A cikinsa akwai 'yar kwamfuta, a gabansa kuma allo da ake taɓawa da yatsa. Abin da kake gani a allon shafi ne irin na intanet, kamar wanda kake buɗewa a wayarka, sai dai shi wannan a cikin akwatin yake zaune. Yaya ba ta da yawan magana. In ta zo gidanka, kafin ta amsa gaisuwa ta riga ta ɗora bayan hannunta a kan talabijin ɗinka ta ji ko yana zafi.

Ni kuwa aikina kula da ɗakin ƙyanƙyasar ƙwai a wata gonar kaji da ke bayan gari. Mai gonar dattijo ne mai saurin fushi, a bayan idonsa Tsoho muke ce masa. Lokacin da na'urar da ke kula da zafin babban injinmu ta mutu, ni na ce masa ga kamfanin su yayata. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "In abin ya ɓaci, kai da ita zan haɗa." Suka zo suka kafa akwati a jikin injin, ta waje, a ɗan lungun da muke bi. Ya yi watanni yana aiki ba wanda ya ƙara tuna shi. Daga baya Tsoho ya ce shafin ya yi masa kama da takardar asibiti, yana so a ƙawata shi saboda baƙi masu zuwa sayen 'yan tsaki. Abokin aikin Yaya, wanda suke kira Dogo, ya zo ya sa sabon shafi mai launi da sheƙi. Tsoho ya ji daɗi ƙwarai.

Ranar da abin ya faru, injin cike yake da ƙwai, kuma sun shiga kwanakinsu na ƙarshe. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san a waɗannan kwanaki ba a buɗe ƙofa. Ɗan tsako ya fara huda ɓawo, danshin da ke ciki shi ke hana fatar ƙwan bushewa ta manne masa. Ka buɗe ƙofa, danshi ya fice, sai su maƙale su mutu da baki a waje. Zafi kuma in ya haura kaɗan ya daɗe, ka dafa su ke nan.

Da hantsi na taɓa allon in duba danshi, sai ya yi jinkiri kafin ya amsa. Na sake taɓawa, ya sake jan ƙafa. Na kai hannu jikin akwatin, na janye ba shiri. Ina tsaye ina kallo allon ya yi baƙi ƙirin, akwatin ya mutu don kansa, sannan ya fara tashi daga farko. Na leƙa ta 'yar tagar gilashin ƙofar, inda ake hango ma'aunin zafi da ke rataye a ciki. Jan layin yana hawa. Ashe in akwatin ya mutu, hita, wato abin da ke ɗumama cikin injin, tana tsayawa ne a yadda ya bar ta, in a kunne take a kunne za ta zauna har ya farfaɗo. Da ya dawo ya kashe ta, zafin ya sauka, na sauke numfashi. Ba a daɗe ba ya sake mutuwa.

Na kira Yaya. Tana asibitin ido da Umma, an ɗiga wa Umma magani ba ta ganin komai sai dishi-dishi.

"Auta, kada ka taɓa komai," in ji ta. "Kada ka kashe, kada ka kunna. Akwai fanka ta tebur a wurinku?"

"Akwai a ofis."

"Ɗauko ka saita ta a kansa. Ga ni nan."

Ba ta samu damar mayar da Umma gida ba, tare suka zo. Na zaunar da Umma a ofis da baƙin tabarau a idonta, tana tambaya ko nan ne wurin da nake kwana da kaji. Yaya ta tsoma takalmanta a ruwan maganin da ke bakin ƙofa, ta zura farar riga a kan kayanta, ta durƙusa a lungun ta ɗora laftof a kan wani bokiti da ta kife. Ta haɗa waya tsakanin laftof ɗin da akwatin. Rubutu ya cika gabanta, layi bisa layi, yana motsi.

"Ka ga wannan?" Ta nuna mini wata lamba a sama. "Yawan aikin da ƙwaƙwalwar akwatin take yi ke nan. Yanzu da ba wanda ke taɓa shi, bai kamata ta kai kashi goma cikin ɗari ba. Duba."

Casa'in da shida. Ta ɗan sauka, ta koma.

"Me take yi haka?"

"Abin da na zo tambayarta ke nan. Gudu take yi a tsaye. In ta yi zafi ta wuce misali sai ta kashe kanta don kada ta ƙone."

Sai ga Tsoho. Wani ya riga ya kai masa labari, ya shigo ko takalmi bai tsoma ba. Ya dubi allon, ya dubi Yaya a durƙushe, ya dube ni da fanka a hannu.

"Ku kashe hitar da hannu mana!"

Na ce, "Yallaɓai, makunni ɗaya ne da fankar ciki. In fankar ta tsaya, iska ta tsaya, zafin duk zai taru a tiren sama."

"To, ke, cire wannan shafin gaba ɗaya. Ba shi ne sabo ba?"

Yaya ba ta ɗago ba. "Shi ne, yallaɓai, na gani. Shi ke cinye ƙarfin. Amma mun sa wa akwatin mai gadi a ciki: da zarar shafin ya rufe, zai ɗauka wani abu ya lalace, ya kashe komai ya sake tayarwa. Abin da muke gudu ke nan. Dole in nemo abin yana a kunne."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

Na san Yaya, ba ta iya ƙarya ko ta kwantar da hankali ba. Tsoho ya yi ƙwafa ya tsaya a kanta, hannuwa a baya.

Ta fara da abin da ta fi zargi. Ta ce wataƙila sabon shafin yana yawan tambayar ma'aunin zafi ne, kamar yaron da ke tambaya an iso, an iso, tun ba a bar tasha ba. Ta rage yawan tambayar. Muka zuba wa lambar ido. Casa'in da huɗu. Ta girgiza kai. Akwai wani zane a shafin mai nuna hawa da saukar zafi, ta cire shi. Casa'in da uku. Ta tsayar da agogon da ke kusurwa. Ko gezau. Gumi yana bin gefen fuskarta yana ɗiga a kan rigar, ba ta share ba. Lungun ba taga, ga rana ta take, ga hucin injin. Na mayar da fankar ɗaya hannun.

"Auta, akwai firji?"

"Akwai."

"Kwalabe masu sanyi. Ka naɗe su a tawul, kada ruwa ya taɓa shi."

Na ruga ofis. Umma ta ji ƙarar firjin ta ce, "Kai, wa ya suma?"

"Akwati ne, Umma."

"Akwati. To, Allah Ya ba shi lafiya."

Ina dawowa na tarar allon ya yi baƙi. Ya sake mutuwa, kuma da hita a kunne. Rubutun da ke laftof ɗin Yaya ya daskare. A lokacin ne na ji su: ƙananan muryoyi, tsiyau-tsiyau, daga cikin injin. Na farkon sun fara fitowa. Na manna fuska a gilashin. Jan layin ya wuce inda ya tsaya ɗazu, yana ci gaba.

Tsoho ya kama hannun ƙofar injin. "Buɗewa zan yi. A kwashe su a kai tsohon inji."

Ban san lokacin da na sha gabansa ba. Tun da na fara aiki a gonar ban taɓa musa masa ba. Na ce, "Yallaɓai, tsohon injin a sanyaye yake, kuma rabinsu ma ba zai ɗauka ba. In ka buɗe, waɗanda suka huda sun tafi."

"In ban buɗe ba duka su tafi! Kauce!"

"Ba zan kauce ba."

Idanunsa suka kaɗa. Na ga jijiyar wuyansa tana harbawa, na kuma san aikina ya riga ya bar hannuna. Sai muryar Yaya daga ƙasa, a hankali, kamar ba da mu take ba.

"Yana tasowa. Yallaɓai, ka ba ni wannan karon. In ya sake mutuwa, ni da kaina zan taya ka kwasa."

Allon ya kawo haske. Muka ji ƙas, hita ta mutu. Tsoho ya saki ƙofar amma bai matsa ba. Na jingina kwalaben a jikin akwatin na danne da ƙirjina, fanka a ɗaya hannun.

Yaya ta ciro waya ta kira Dogo, ta saka shi a lasifika ta ajiye a ƙasa, yatsunta ba su bar aiki ba.

"Dogo, me ka ƙara a shafin gonar kaji ban da launi?"

"Ba komai, Anti. Kwalliya ce kawai. Na gwada shi, sumul yake tafiya."

"A ina ka gwada?"

"A kwamfutata ta ofis."

Ta rufe ido na ɗan lokaci. "Kwamfutarka tana da wani sashe na musamman da ke yi mata zane. Wannan ba shi da shi. Duk ɗigon da ya motsa a allon nan, ƙwaƙwalwarsa ce ke zana shi da kanta."

"Amma ai ba abin da ke motsi a shafin."

"Haka nake gani ni ma," in ji ta. Ta katse wayar ba sallama.

Ta buɗe wani wuri a laftof ɗin ta danna. Ta ce mana, "Na sa shi ya shafa kore a duk inda yake sake zanawa. Ku taya ni kallo." Na zaci lambar zafi ce kawai za ta yi kore, tunda ita ke canzawa. Allon gaba ɗaya ya koma kore, yana ƙyaftawa ba tsayawa, daga sama har ƙasa. Tsoho ya ja da baya.

"Duk shafin yake zanawa," in ji Yaya. "Ya gama ya sake, ya gama ya sake. Wani abu ke sa shi."

Ta shiga ɗaga sassan shafin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗaga kaya a ɗaki tana neman inda ɓera ya shige. Sheƙin da Tsoho yake so ashe wani mayafi ne mai kama da gilashi da aka shimfiɗa a kan shafin duka. Ta ɗage shi. Koren ya ɓace ko'ina, sai wuri ɗaya a tsakiya, ɗan da'ira kamar bakin kofi, inda babu rubutu babu hoto, fili ne kawai. Nan yake ta ƙyaftawa.

"Ga ka nan," ta ce.

Ta danna wani abu, sai ga shi ya bayyana: ɗan zoben nan mai juyawa da kake gani a waya in kana jiran abu ya buɗe. Aikinsa ya juya lokacin da shafin ke tashi, sannan ya tafi. Dogo bai cire shi ba, ya mai da shi marar launi ne kawai, ido ba ya ganinsa. Tun ranar da aka sa shi yake juyawa a ɓoye, kuma duk juyi ɗaya sai mayafin da ke kansa ya tilasta a sake zana allon duka. Da ana sanyi akwatin ya yi ta jurewa. Da zafin gari ya shigo, ya kasa.

Ta goge zoben. Casa'in, sittin, talatin. Lambar ta gangaro ta tsaya a bakwai.

Ba wanda ya yi murna. Tsoho ya ce, "Shi ke nan?"

"Tukuna. A wanda ke kunne yanzu na goge. In ya mutu ya tashi, zai dawo da shi." Ta ci gaba da rubutu, ta gyara ainihin shafin da ke ajiye a cikin akwatin, ta karanta abin da ta rubuta, ta sake karantawa tana bin layin da yatsa. "Ba zan gwada tayar da shi ba sai an kwashe 'yan tsakin. Auta, kada ka saki kwalaben nan sai na ce."

Muka zauna a lungun mu uku, Tsoho a kan buhun abincin kaji, muna kallon lamba ɗaya. Lokaci-lokaci Yaya takan kai hannu jikin akwatin. Da la'asar ta ce in sauke kwalaben. Ƙirjina ya yi sanyi ƙalau har ba na jin sa. Da ta tashi tsaye gwiwoyinta suka ƙi miƙewa, sai da na kama ta. A ofis muka tarar Umma ta yi barci a kujera, tabarau ya zame mata zuwa kan hanci.

Da aka buɗe injin bayan ƙyanƙyasa ta kammala, tiren sama guda biyu da ke kusa da hita sun yi asara sosai. Na kwashe su da hannuna, wasu sun huda ɓawo sun tsaya a nan. Sauran kuwa sun fito, ɗakin ya cika da kuka har ba ka jin maganar na kusa da kai. Tsoho bai kore ni ba, bai kuma yi mini maganar ƙofar ba, sai dai ya yi makonni yana aiko mini da saƙo ta bakin direbansa maimakon ya kira ni. Yaya ta dawo bayan an wanke injin, ta kashe akwatin ta kunna a gaban Tsoho, lambar ta zauna a ƙasa. Ta kuma kawo wata 'yar na'ura dabam ta haɗa wa hitar, wadda za ta kashe ta da kanta in akwatin ya yi shiru. Ta ce tun farko haka ya kamata su yi, ta kuma faɗa wa mai kamfaninsu hakan a gaban kowa, abin da ya sa suka yi kwanaki ba sa ga maciji.

Dogo ya zaci korarsa za a yi. Yaya ba ta yi masa faɗa ba. Ta shiga ɗakin ajiyarsu ta tono akwati mafi tsufa da rauni da suke da shi, wanda gefensa ya tsage an ɗaure da salatif, ta ajiye masa a kan tebur. Ta ce daga yau duk shafin da ya rubuta, a kan wannan zai fara tashi, kuma ya bar shi a kunne ba taɓawa daga safe har a tashi aiki, sannan ya zo su yi magana.

Har yanzu tana can saman shagon taya. Gashinta ya fara fari, ta koma sa tabarau biyu, ɗaya na karatu ɗaya na hanya, kullum tana neman ɗaya alhali yana kanta. Kwanakin baya na biya in kai mata saƙon Umma, na tarar da Dogo ya tasa tsohon akwatin a gaba, ya yi tagumi.

"Anti," ya ce, "wallahi wannan abin ko gaisuwa ka yi masa sai ya yi tunani kafin ya amsa."

"Nawa yake nunawa?"

"Sha biyu."

"Sauko da shi ƙasa da goma," in ji ta, ta juyo gare ni ta miƙo hannu. "Auta, me Umma ta ce?"